Nauyin Uwar 'Ya'ya a Ƙasar Bakura, Jiya da Yau

Duk wanda ya zauna ya yi nazarin al'adun Hausawa a kan sha'anin haihuwa, tun daga ranar da tsofaffi suka lura yarinya ta yi ɓatan wata har zuwa ranar da aka yaye abin da ta haifa, zai tarar magabata sun yi tanadi mai yawa, kowane mataki kuma sun raɗa masa sunansa, da goyon ciki, da wankan jego, da ƙauri, da zanen suna, da yawon arba'in. Amma in ya sake dubawa da idon basira, sai ya ga galibin wannan tanadi an shirya shi ne ko dai domin yarinya mai cikin fari, ko kuwa domin kwanakin da ke biyo bayan sauka. Ita kuwa macen da ta haura shekara 35, wadda ta haifi shida ko bakwai, Allah kuma Ya sake ba ta rabo alhali ragamar gida duka tana hannunta, babu wata al'ada mai suna da aka ajiye domin watannin nauyinta. Tarihin gajiyar wannan baiwar Allah nake son mu bi a ƙasar Bakura da maƙwabtanta, Talata Mafara da Maradun, domin a ganina abin da ya tallafe ta a da bai taɓa samun suna ba, shi ya sa da ya zame daga ƙarƙashinta ba a sami mai cigiyarsa ba.

Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya biyo ta Maradun kafin ya nausa ya haɗu da Rima kusa da birnin Shehu, shi ne ya shimfiɗa wa ƙasar Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Mafara da ta Sarkin Kayan Maradun fadamun da suka rayu a kansu tun kaka da kakanni. A da, a tudu gero ne da dawa da wake da auduga, a fadama kuwa shinkafa, wadda ambaliyar damina ke shayarwa ba tare da an roƙi kowa ba. To, amma kowane damin da namiji ya ɗauko daga gona, a hannun mace yake ƙarasa zama abinci. Ita ce za ta sussuke, ta sheƙe, ta surfa, ta bakace, ta wanke, ta dake ko ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta tankaɗe, ta yi talge, ta tuƙa. In shinkafa ce, ta jiƙa ta kwana, ta turara a babbar tukunya, ta shanya tana korar kaji, sa'an nan ta cashe a turmi. Ga furar rana wadda ba ta da fashi, ga ruwan rijiya, ga itace, ga wankin yara, in dare ya yi kuma ga mazari da abawa a gaban fitila, domin da kuɗin zare take tara kwanonin auren 'ya'yanta. Wannan aiki bai san mace tana da juna biyu ba.

Yarinya mai cikin fari an ɗauke mata mafi yawansa. In cikin ya kai wata bakwai sai a raka ta gidan iyayenta, ta zauna ƙarƙashin idon uwa ko kaka ko gwaggo har ta sauka, ta yi wanka, ta cika arba'in, wani lokaci ma ta ƙara watanni kafin a mai da ita ɗakinta da gara. Baba ta Karo, dattijuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan komawa gida da wankan da kunyar ɗan fari, abin da ke nuna al'adar ta game ƙasar Hausa gabas da yamma. Hikimar kuwa a fili take, tunda yarinya ba ta san kan abin ba, kunya kuma ba za ta bar ta ta yi ƙorafi a gaban surukai ba. Sai dai hikimar ta tsaya a haihuwar fari, in ta yi nisa ta kai ta biyu. Daga nan sai a ce ai ta san hanya. Ranar da ta kai ga ciki na bakwai, uwar da za ta koma wurinta ko dai ta riga mu gidan gaskiya, ko ta tsufa har ita ma tana bukatar mai yi mata hidima. Ko da kuwa tana da sauran ƙarfi, wa za a bar wa yara shida da maigida da baƙin zaurensa?

Sa'an nan ga wata kunyar ta daban, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Macen da ta aurar da 'ya, ko aka kawo mata suruka cikin gida, in ta ga alamar ciki sai ta ɓoye shi iyakar iyawarta, ta riƙa yawo cikin babban mayafi, don kada a ce tana tseren haihuwa da 'yar da ta haifa. Wadda ta ɓoye ciki kuwa tilas ta ɓoye laulayinsa, da aman, da jirin, da mutuwar jikin. In 'yarta ta zo ganin gida ta same ta kwance da hantsi ta ce, "Inna, lahiya?" sai ta yunƙura ta tashi zaune ta ce, "Lahiya lau, 'yar masassara ce, ta kusa sakina." Haka watanni ukun farko, waɗanda su ne jiki ya fi sanyi a cikinsu, za su wuce ba wanda ya ce mata sannu.

To, me ya riƙe ta? Yawan hannaye ne ya riƙe ta. A gidan gandu, inda mahaifi da 'ya'yansa maza masu aure ke noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya, akan sami matan aure huɗu ko biyar ko fiye, kishiyoyi da faccaloli, girki yana zagayawa tsakaninsu kwana bibbiyu, har mace ta yi mako guda ba ta tuƙa tuwon gida ba. Akwai 'yan mata da ba su isa aure ba, na cikinta da na riƙo, masu goyon ƙanne da ɗebo ruwa da kai niƙa. Akwai tsohuwa a ƙuryar gida mai tsaron yara. Akwai ungozoma a unguwa, wadda ke gane mai ciki daga tafiyarta. Na sha ganin abin da idona a irin waɗannan gidaje: uwargida ta ɗaga taɓarya ta sauke, ta sake ɗagawa, sa'an nan ta tsaya ta dafa bakin turmi, zufa tana tsattsafo mata a goshi, leɓɓanta sun yi fari fat. Amarya ta fito daga ɗaki, ba ta tambayi komai ba, ta zare taɓaryar daga hannunta ta ce, "Yaya, koma inuwa ki zamna, ni ka ƙarasa dakan ga." Ita kuwa ba ta ce ta gaji ba, abin da ta ce shi ne, "Allah shi biya ki, shi nuna mini ranar ramawa." Ba ina cewa gidajen da babu kishi da gaba da gori ba ne, akwai su har da yawa, mata kuma sun mutu wurin haihuwa ba adadi, amma bashin taɓarya bashi ne da ko maƙiya biyu sukan biya juna, domin kowacce ta san nata nauyin yana tafe. Bayan wannan akwai al'adar shayarwa ta shekara biyu, da gorin da ake yi wa wadda ta yi kwanika, watau ta ɗauki ciki tana goyo. Gorin yana da ɗaci, amma ya sa tsakanin haihuwa da haihuwa kan kai kusan shekara uku, jiki ya sami sararin mai da abin da ya rasa.

Abin mamaki shi ne, wadda al'ada ba ta raɗa wa hutunta suna ba, shari'a ta daɗe da ba ta matsayi babba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci raunin mai ciki a aya ta 14 ta suratu Luƙman, ya kuma ambaci wahalar ɗauka da ta saukewa a aya ta 15 ta suratul Ahƙaf, duk a wurin yin wasiyya da iyaye, bai kuwa bambanta cikin fari da na goma ba. Imamu Malik, a cikin Muwaɗɗa, ya ɗauki farkon ciki a matsayin rashin lafiya mai sauƙi, amma da zarar ya cika wata shida, sai ya sa mai shi a sahun majinyacin da ake tsoron ajalinsa, har ya zama kyautar da za ta yi daga dukiyarta ba ta wuce sulusi. A wannan babin kuma ya haɗa hukuncinta da na mutumin da ke tsaye a sahun yaƙi an fuskanci abokan gaba. Mutanen ƙasar da ta ga yaƙe-yaƙen jihadi ba su bukatar a fassara musu girman wannan ƙiyasi, tsofaffinmu ma da ba su buɗe littafi ba sun isa gare shi da nasu lafazin, inda suke cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya take, ɗaya a lahira. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu zauren karatu a ƙasar nan da ba a biya ta, ta ba mai ciki rangwamen ajiye azumin Ramalana in ta ji tsoro ga abin da ke cikinta, ta rama daga baya. Duk da haka sau nawa muka ga dattijuwar mace mai tsohon ciki ta kai azumi cikin zafin bazara, tana dakan kunun buɗa-baki tana ganin duhu-duhu, don kawai tana jin nauyin yaranta su gan ta da kwano da rana?

Shi kansa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, domin a ƙarshen shekarun 1780 ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru ta wajen Maradun, kuma a cikin wannan rangadin ne wani malami mai suna Mustafa Goni ya soke shi a kan barin mata su halarci majalisinsa, ƙaninsa Abdullahi ya mai da martani da cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. A cikin Nurul Albabi kuwa Shehu ya yi kakkausan suka ga mazan da ke ɗora wa mata girki da wanki da sauran hidimomi kamar wani farillan da Allah Ya saukar, alhali sun bar su ba su san hukuncin addininsu ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, inda shugabanni mata da ake kira jaji ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu, a 1839 kuma ta wallafa Tabshirul Ihwani a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, har da abin da ya shafi masu ciki da masu naƙuda. Sai dai in aka duba su wane ne ke yin tafiyar, za a ga tsofaffi ne da suka gama haihuwa da 'yan mata da ba su fara ba. Matan tsakiya, masu ciki da goyo, suna gida, sai abin da aka kawo musu. Ko a wancan zamani mai albarka, uwar 'ya'ya ita ce wadda ƙafarta ba ta ɗaguwa.

Daga 1903, da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, hannayen nan suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Manyan gidaje na sarakuna da malamai da attajirai sun dogara ne ga kuyangi wajen daka da ɗebo ruwa, da bauta ta yi ta zaizayewa har aka soke ta baki ɗaya a dokar 1936, wanda alheri ne babu ko shakka, sai aikin ya dawo kan matan gida. Masu bincike sun lura cewa a wannan zamanin ne kulle ya yaɗu har cikin talakawa, domin 'yantattun mata sun ƙi komawa gona. Ta haka mace ta huta da fartanya, amma ta ƙara dogara ga yara a kan duk abin da ke wajen ƙofar gida. Harajin da ake biya da tsabar kuɗi ya kori samari da magidanta cin rani zuwa Kurmi da Gwanja, ɗan da ya saba riƙe kuɗin guminsa kuwa bai cika son komawa ƙarƙashin rumbun uba ba. Gandu bai faɗi rana ɗaya ba, tsagewa ya yi a hankali, yau wannan ya ware tukunya, gobe wancan ya ja danga.

Babbar girgizar ta zo da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka fara ginawa a 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka kammala a 1978, da niyyar shayar da kimanin hekta 23,000. Tafkin ya cinye gonaki da garuruwa na ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane. A ƙasar Mafara da Bakura kuma aka riƙe gonakin manoma ana baje su ana haƙa hanyoyin ruwa, damina tana wucewa ba a yi shuka ba. Rikicin diyya ya kai ga watan Afrilun 1980, sa'ad da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙasa suka ce ɗaruruwa ne suka halaka. An rubuta wannan tarihi da yawa ta fuskar maza da gonakinsu, amma ba a cika bin sa har cikin gida ba. Gidan da aka tasa daga kufansa ba ya sake zama yadda yake, 'yan'uwa sukan warwatsu, maƙwabciyar da aka yi shekara ashirin ana miƙa wa juna wuta ta kan danga ta koma wata unguwa. A ƙasan madatsar ambaliya ta ragu, fadamun shinkafa da yawa suka koma na gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci a miya. A inda ruwan ya kai kuma, rani, wanda a da shi ne lokacin bukukuwa da ziyara da miƙe ƙafa, ya zama damina ta biyu: ga abincin 'yan ƙwadago da za a dafa a aika gona, ga shinkafar gumi da mata suka mai da sana'a, ana tsaye kan tukunya cikin hayaƙi tun asuba, ga ruwa kwance a magudanai yana raya sauro a watannin da a da sauro kan ɗauke ƙafa. Gaskiya ne injin niƙa da na casa da famfon burtsatse sun karɓi wani kaso na wahalar, ba kuwa ƙaramin kaso ba. Amma inji yana karɓar taɓarya ne kawai, ba ya goyon yaro, ba ya tashi da dare ga mai zazzaɓi, ba ya duban leɓen mace ya gane jininta ya yi ƙasa.

A daidai wannan zamani likitoci a Zariya suka fara auna abin da ungozomomi suka daɗe da sani. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985, ya nuna hatsarin ya taru ne a gefe biyu, wajen 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da wajen manyan mata masu yawan haihuwa, kuma ya fi tsanani nesa ba kusa ba ga waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba. Ashe wadda aka ce ta san hanya tana cikin waɗanda hanyar ta fi kayarwa. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yawansa domin ya ciyar da mutum biyu, zuciya tana ƙara bugu dare da rana, ɗan tayi kuma yana ɗibar sinadarin ƙarfen da ake gina jini da shi daga jikin uwa ko tana da shi ko ba ta da shi. Kowace haihuwa da kowace shayarwa ɗiba ce daga rumbu guda, in kuwa ana ta ɗiba ba a zubawa, ranar da aka zo ciki na takwas sai a tarar da ƙasan rumbun. In zazzaɓin cizon sauro ya shigo yana farfasa ƙwayoyin jinin da suka rage, sai numfashi ya riƙa sarƙewa daga ɗaki zuwa madafa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kimanin shida cikin goma na masu ciki a Nijeriya da ƙarancin jini, ya kuma nuna macen arewa maso yamma takan haifi tsakanin shida da bakwai a rayuwarta. Bayan shekara 35 hawan jini da ciwon sukari na ciki sun fi kusa, mahaifar da ta sha ɗauka kuma ba ta saurin tsukewa bayan sauka, shi ya sa zubar jini ya fi kama irin waɗannan mata, mai ƙarancin jini kuwa ɗan abin da wata za ta jure shi ke kai ta ƙasa.

Har wankan jego ma, wanda shi ne hutun da al'ada ta yarda uwar 'ya'ya ta samu, likitoci sun sa masa ido. A shekarun 1970 Davidson da Parry sun rubuta a kan ciwon zuciyar da ke kama mata a Zariya bayan haihuwa, da kumburi da haki, suka danganta yawansa da tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganye safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawan gishiri. Wani bincike a asibitin koyarwa na Sakkwato da aka buga a 2007 ya sami ciwon a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokansa a Kano suka nuna cewa ruwan zafi da kanwa kaɗai ba su isa bayani ba, talauci da rama da ƙarancin sinadarin seleniyam suna da hannu babba. Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne a rage zafin ruwan, a rage kanwar, amma kada a taɓa kwana arba'in ɗin, domin su kaɗai ne kwanakin da wata ke dafa wa wannan mace abinci ta kawo mata har gado.

A yau, bayan abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara cikin shekarun da suka biyo bayan 2011, akwai mata da yawa da ke ɗauke da ciki a ɗakin aro cikin gari, nesa da kishiya da faccala da ungozomar da ta san jikinsu, fita da dare zuwa asibiti kuma ta zama abin da ake auna shi da rai. Duk da haka masu dabara a cikinsu sun san yadda suke lallaɓa rayuwa. Sukan gama aiki mai nauyi da sanyin safiya, su yi girki a zaune kan kujera 'yar tsugunno, su raya sunnar ƙailula ko da yara suna tsalle a kansu, in ciki ya tsufa su kwanta ta gefen hagu cikin gidan sauro. Sukan ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da rama, da wake, da hanta ranar da ta samu, su jinkirta shayi daga lokacin cin abinci domin yana hana jiki karɓar ƙarfen da ke ciki, alhali ɗan tsamin lemo yana taimaka masa. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ce a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, a sha ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓi, wanda aka fi sani da Fansidar, daga wata na huɗu, aƙalla sau uku da tazarar wata guda. Ƙwayar takan baƙanta bayan gida ta tayar da zuciya, shi ya sa wasu ke jefar da ita; shan ta da dare bayan tuwo yakan rage wannan. Akwai kuma gajiyar da ba ta jiran ranar awo: in mace tana haki alhali tana zaune, ko tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko kai yana sarawa tana gani dishi-dishi, ko ta ga jini, to a nemi abin hawa a wannan sa'ar.

Sai dai duk wannan dabara tata ce ita kaɗai, ƙwaya kuma ba ta maye gurbin hannun da ke zare taɓarya. A nan ne nake ganin ya kamata malaman zaurukanmu su daɗe a kan babin nafaƙa fiye da yadda suke daɗewa. Risala ta ce in miji yana da yalwa, wajibi ne ya samar wa matarsa mai yi mata hidima, Muhtasar na Shaihu Halilu kuma ya lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke wuyan miji. Ba a Bakura kaɗai ba, magidanta kaɗan ne a ƙasar Hausa ta yau za su iya ɗaukar 'yar aiki, amma hukuncin yana da gwargwado, kowa da ƙarfinsa. Ga manomin da ya sayar da buhun shinkafa a kasuwar Talata, hidimar nan ita ce kuɗin niƙa da na casa don kada ta koma turmi, da kuɗin ɗan garuwa, da itacen da aka faskara aka kawo har madafa, da kuɗin babur zuwa awo tare da izinin da ba sai ta roƙa ba, da aika wa ƙanwarsa ko gwaggonsa ta zo ta zauna daga wata na bakwai. Samarin gida kuma, waɗanda aka saba ɗauke musu kowane aikin tsakar gida, babu nassin da ya hana su jan guga da wanke tufafin ƙannensu.